Irin goyon bayan da masu zanga-zangar Iran ke buƙata daga waje

Duk gwamnatin da ke cewa tana tare da talakan Iran, ta koma ta nazarci 2009. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 12 ga Yuni, aka katse saƙon tes, aka ce Ahmadinejad ya samu kusan kashi 63, Mir-Husaini Musawi kusan 34. Ranar 15 ga wata jama'a suka cika titin Tehran har dandalin Azadi da tambaya ɗaya: ina ƙuri'ata? Majalisar kare kundin tsarin mulki da bakinta ta amsa cewa a garuruwa 50 ƙuri'u sun fi masu damar zaɓe yawa, amma ta sake ƙirga kashi 10 kawai ta tabbatar da sakamakon.

Shiru a kan irin wannan ba daidai ba ne. Sai dai akwai goyon bayan da ke zama igiya a wuyan wanda ake goya wa. Mutanen Iran ba su manta da 1953 ba, lokacin da Amurka da Birtaniya suka haɗa baki aka kifar da firaminista Musaddiƙ. Shi ya sa da shugaban waje ya fara maganar sauya gwamnati, ko aka tura wa 'yan adawa kuɗi, an miƙa wa mai gabatar da ƙara hujja ke nan. Khamenei ya yi huɗuba ranar 19 ga Yuni ya zargi Birtaniya, ba a jima ba aka kama 'yan Iran masu aiki a ofishin jakadancinta, a watan Agusta kuma aka gurfanar da mutane sama da ɗari da tuhumar yi wa baƙi aiki.

Abu mafi arha shi ne kada a yi gaggawar taya wanda aka ce ya ci zaɓe murna. Turkiyya da Rasha sun yi, tun ana dukan mutane a titi.

Inda aikin yake shi ne intanet. Bidiyon mutuwar Neda Agha-Soltan, matashiyar da aka harbe a titin Tehran ranar 20 ga Yuni, da wayar hannu aka ɗauka, don an hana 'yan jaridar waje fita. To ga abin takaicin: kamfanin Nokia Siemens ya riga ya sayar wa Iran na'urar sa ido kan wayoyi, alhali takunkumin Amurka ya hana ɗan Iran sauke wasu manhajojin sadarwa. Sai Maris na 2010 aka sassauta, bayan wuta ta lafa. Ya kamata a hana fitar da kayan leƙen asiri, a buɗe manhajojin tsallake toshiya tun kafin ranar zaɓe. Kuma a bar ƙwararru su gwada su tukuna. Wata irin wannan manhaja mai suna Haystack ta sha yabo, ta samu lasisin Amurka, daga baya aka gano tana iya tona asirin masu amfani da ita, aka janye ta a Satumban 2010.

Takunkumi kuwa a ɗora shi kan mutum da sunansa, kwamanda ko alƙali ko mai kula da kurkuku: a hana shi biza, a daskarar da dukiyarsa. Amurka ta fara haka a 2010, Tarayyar Turai a 2011. Na gama-gari, mai sayen magani yake ci, ba ɗan Basij, rundunar sa-kai ta gwamnati, ba.

Sannan a riƙa kiran sunayen waɗanda ke tsare. Ba a rufe gidan yarin Kahrizak ba sai da labarin mutuwar matasa a ciki ya fita, har da ɗan wani mashawarcin Muhsin Reza'i, ɗaya daga cikin 'yan takarar zaɓen. Jakadu su nemi halartar shari'a, a ba waɗanda suka tsere Turkiyya biza da wuri, kuma duk zaman da za a yi kan nukiliya a sa batun Musawi da matarsa Zahra Rahnavard, waɗanda aka yi wa ɗaurin talala tun Fabrairun 2011.