Kowane noti da awonsa

Jama'a, tun ranar da na sa hoton motata bonet a buɗe, ga takardu shimfiɗe a kan injin an danne su da sifana kada iska ta kwashe, mutane ke ta aiko min da tambaya ɗaya: wai littafin gyara na kamfani yana da wani amfani ga wanda ba bakanike ba, ko dai wahalar da kai ce? Na ga amsar ta fi ƙarfin layi biyu, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Ni malamin makaranta ne a Kaduna, ban taɓa zaman koyon aiki a gareji ba. Motata Corolla ce ƙirar 2005, tokumbo, wadda aka yi don kasuwar Amurka, injinta 1ZZ-FE mai lita 1.8. Asara ce ta tura ni neman littafinta.

Wata rana a hanyar Zariya ta yi zafi har gasket ɗin kan injin ya ƙone. Aka ja ta zuwa wani gareji, na zauna a benci ina kallon aiki. Da aka zo mayar da kan injin, yaro ya zura dogon bututu a hannun sifana, ya fara daga notin gefe, ya ja iya ƙarfinsa har maigidansa ya ce "ya isa", ya koma na kusa da shi, haka har ya ƙare layi. Ban ga laifin komai ba, don ban san komai ba. Ba a yi wata uku ba na zaro sandar duba baƙin mai na tarar ya koma kamar shayi mai madara. Ruwa ya shiga mai. Aka sake kwancewa a wani wuri, aka ce kan ya lanƙwashe sai an kai an goge shi. Na biya kuɗin aiki ɗaya sau biyu, ga mako guda ina bin Keke Napep zuwa makaranta.

Bayan nan ne na samu littafin da Toyota ta rubuta wa makanikanta a kan wannan mota. Na buɗe shafin ɗaure kan injin, jikina ya yi sanyi. Notina goma ne, kuma an zana su da lamba, wanda za a fara da wanda zai biyo baya, daga tsakiya a yi waje, ana tsallakawa gefe da gefe. Ba a ɗaure su lokaci guda, zagaye-zagaye ake yi har kowanne ya kai awon 49 N·m (Newton-mita, wato ma'aunin ƙarfin ɗaure noti). Sannan a ɗiga wa kan kowane noti fenti, a ƙara murɗa shi digiri 90, a duba fentin ya juya daidai. Kafin ma a mayar da tsohon noti, an ce a auna shi, domin irinsu suna miƙewa idan an ɗaure su, wanda ya wuce iyaka a jefar. Duk wannan bai cika shafi biyu ba. Ko ɗaya daga ciki ba a yi wa motata ba.

Ba na so a ɗauka zagin makanikai nake yi, wallahi ba haka ba ne. Dattawan sana'ar nan sun taso ne da Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kakuri nan Kaduna tun shekarar 1975. Mota ce mai kafireto, mai haƙuri, wadda ƙwararre zai saurari ƙararta ya gaya maka ciwonta, kuma ya yi daidai. Sun koyi aiki da kunne da tafin hannu, suka koya wa yaransu haka. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma a kan waɗancan motoci maganar ta zauna. To amma injin motata, kansa da gangar jikinsa duk alminiyam ne, kwamfuta ce ke auna masa mai da iska. Irin wannan injin mudun kansa yake so a kawo, kimar ido ba ta isarsa.

Wannan shi ne babban abin da littafin kamfani ke ba ka: lamba da jeri. Notin taya a motata 103 N·m ne. Notin zubar da baƙin mai 37 ne kacal, kuma wanda bai sani ba zai ninka haka da hannu ɗaya ya cinye zaren. Duk wanda ya taɓa yin faci a hanya ya kasa kwance taya saboda an taka sifana da ƙafa wajen ɗaurewa, ya san abin da nake faɗa. Littafin yana sa wata 'yar baƙar alama a gefen kayan da ba a mayar da su idan an cire, kamar washar notin mai, wato zoben da ake sa masa, wadda mu muke juya ta shekara da shekaru muna mamakin ɗigon mai a tsakar gida. Sai dai a kula, kowace lamba an rubuta ta da awo fiye da ɗaya. 103 N·m shi ne 76 a awon Amurkawa, don haka ka tabbatar da wane awo ne a jikin sifanarka mai awo, wato wadda ke auna ƙarfin ɗauri, kafin ka ja. Ita wannan sifana, a ganina, ita ce abu na farko da mai gyara a gida zai saya, tun kafin na'urar sikanin, wadda ke karanto matsala daga kwamfutar mota.

Bari in ba da misalin da ya fi min daɗi. Fitilar injin ta kama a dashbod. Na kai aka sa na'ura, ta nuna P0171. Mai na'urar ya ce, "Malam, sansar salansa ce ta mutu, sai ka sayi sabuwa." Na ce ya ba ni kwana biyu. Da na koma gida na nemo lambar a littafi, sai na ga ma'anarta iska ta fi mai yawa a abin da injin ke ƙonawa, kuma an jera wuraren da za a bincika: hanyar shigar iska, sansar da ke auna iskar, nozul, ƙarfin famfon mai, tiyon da ke fitar da tururin mai daga kan injin, yoyon salansa, sannan ita sansar da aka ce in saya. Wato ita sansar mai kawo rahoto ce, ba lallai ita ce mai laifi ba. Ranar Asabar da safe na ajiye motar a inuwar darbejiya, na tayar da ita, na riƙa bin tiyo ɗaya bayan ɗaya da yatsa. A ƙarƙashin wani ƙaramin baƙin tiyo na ji iska tana tsotsar fatar yatsana. Na juya shi, ga tsaga kamar an yanka da reza. Na je Panteka na samo irinsa, kuɗinsa bai kai na cin abincin rana ba. Fitila ta mutu, ba ta sake dawowa ba. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 duk suna da wannan soket mai ƙofa 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma na'urar karanta shi ta yi araha yanzu. Amma na'ura lamba kawai take ba ka. Littafi ne ke gaya maka inda za ka sa hannu.

Akwai kuma maganar tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa a cikin injin har sai ya ɗau zafi, wadda na san za a yi min ca a kanta. Kusan duk tokumbon da ta shigo, abu na farko da ake yi mata shi ne a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai na ƙasar sanyi ne. Ni ma haka na tarar da tawa. Littafin ya ce tamostat ɗin yana fara buɗewa ne tsakanin digiri 80 zuwa 84, ya kuma nuna yadda ake gwada shi. Na sayo ɗaya, na roƙi uwargida tsohuwar tukunya, na rataye shi da waya a cikin ruwa a kan risho, na tsoma ma'aunin zafi. Yara suka zagaye ni. Ruwa na fara ƙananan kumfa, ma'auni ya haura 80, sai ga bakinsa yana buɗewa a hankali kamar mai hamma. Ƙaramar 'yata ta ce, "Baba, yana da rai ne?" Abin da wannan gwaji ya koya min shi ne an ƙera injin ne ya yi aiki da zafinsa. Idan ya daɗe da sanyi, kwamfuta na ci gaba da ƙara masa mai, kana ƙona fetur a banza da wannan tsada. Motar da ke zafi kuwa akwai dalilinta: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya mutu, ko fanka, ko famfon ruwa. Cire tamostat rufe ciwo ne. Haka batun baƙin mai: a murfin injina an rubuta 5W-30, wato lambar kaurin man da ya dace da shi, amma mai kauri 20W-50 ake ɗura wa kowace mota, alhali VVT-i, tsarin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul a injin, da ƙananan hanyoyin mai yake aiki.

Littafin wayoyin wutar mota daban yake, kuma ni a wurina ya kusa fin na injin daraja. Kowace waya da launinta, da lambar soket ɗinta, da inda ta fito da inda ta nufa. B baƙi, W fari, R ja, L shuɗi. Idan ka ga W-B, fara ce mai ratsin baƙi. Wanda ya taɓa kai mota wajen rewaya aka feɗe masa wayoyi ana neman ɗaya, aka mayar da su da salatif, zai gane darajar sanin wayar da kake nema tun kafin ka taɓa komai.

Yanzu kuma laifinsa, don yana da shi. Ba don ni da kai aka rubuta shi ba. An rubuta shi ne don wanda ya riga ya yi makarantar aikin, yana tsaye a garejin dila, mota na sama a kan na'urar ɗagawa. Zai ce maka "cire kaza" a layi ɗaya, kai kuwa wannan layin zai ci maka awa biyu, ga noti ya yi tsatsa, ga hannu ba ya shiga. Ba zai gaya maka dabarar ba, ya ɗauka ka sani. Zai tura ka wani shafi, wancan ya tura ka wani, ka tarar ka buɗe wuri huɗu don aiki ɗaya. Sau da yawa zai ce a yi amfani da wani ƙarfe na musamman mai lamba, wanda ba za ka same shi a Kofar Ruwa ko Panteka ba. Kuma maganarsa kullum ita ce a canza abu ɗungurungum. A nan makanikanmu sun fi shi nesa ba kusa ba, su da za su buɗe kik su canza burushi ta koma aiki. Bai san man bakin titi ba, bai san jabun kaya ba, bai san ramukan hanyarmu ba. Ga shi da Turanci mai nauyi, zane ne ba hoto ba.

Shi ya sa wasu suka fi son littattafan Haynes na Ingila, waɗanda ake kwance mota gaba ɗaya ana ɗaukar hoto kafin a rubuta su. Sun fi sauƙin bi ga mai farawa, na yarda. Amma littafi ɗaya nasu yakan haɗa shekaru da dama da injina iri-iri, kuma ɓangaren wayoyi a taƙaice yake. A ƙarshen 2020 ma kamfanin ya sanar da daina buga sababbi a takarda. Bidiyon YouTube kuwa yana nuna maka yadda hannu ke shiga, abin da littafi ba ya yi. Yadda nake yi ke nan: in kalli bidiyo in ga hanya, in koma littafin kamfani in ɗauki lamba. Idan suka saɓa, na kamfani nake bi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani abu da ke jefa mutane a rami shi ne ɗauko littafin motar da ba tasu ba. Corolla ta Turai ta waɗannan shekaru akwai mai injin 1.4 da 1.6, ba irin tawa ba ce, ko da suna ɗaya. Ka duba lambar shasi mai harufa 17 a ƙasan gilashin gaba. A motocin Amurka harafi na goma shi ne shekarar ƙira, tawa 5 ce, wato 2005. Ka duba sunan injin, sannan ka nemi littafin da ya dace. Yawancin waɗanda ke yawo a intanet kyauta guntaye ne, wasu shafuka sun ɓace. Toyota na da shafinta da ake biyan kuɗin shiga na kwana biyu, wanda ya isa mutum ya sauke ɓangarorin da yake buƙata. Ni na kai nawa shagon buga takardu, na buga na birki, da na ruwa, da na wayoyi, da jadawalin awon notina, na sa su a leda.

Abin da ban zata ba, littafin nan ya fi koya min inda zan tsaya. Da na karanta gargaɗin jakar iska, wadda ke fashewa ta tare mutum lokacin haɗari, cewa a cire batir a jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin a taɓa wayoyinta masu ruwan ɗorawa, na san wannan ba wurina ba ne. Cikin giyabos ba na shiga. Ba na kwanciya ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, ina da iyali. Juyen mai, filogi, birki, tiyo, fiyus, waɗannan nake yi da kaina. Sauran na Baba ne, wani dattijon bakanike da nake kai wa aiki yanzu.

Ranar farko da na je masa da takarda a hannu, ya dube ni ya ce, "Malam, shekara arba'in ina wannan aiki, takarda ce za ta koya min?" Na ce, "Baba, ba koya maka za ta yi ba, hannunka ne zai yi aikin. Lambar kawai na kawo." Ya yi shiru, ya karɓi sifana mai awon, ya ɗaure noti ɗaya har ta yi ƙas. Ya sake kwancewa, ya ɗaure da tasa yadda ya saba, ya gwada, ya ga tasa ta zarce. Bai ce komai ba. Bayan mako biyu ya kira ni a waya, ya ce an kawo masa wata Honda Accord ta 2004 mai filogi shida za a canza mata bel ɗin tayimin, ko zan iya nemo masa shafinta in karanta wa yaronsa da Hausa ya rubuta a bango. Na nemo, na je ranar Lahadi bayan la'asar, yaron ya rubuta lambobin da alli a jikin ƙofar kwantena.