Buhu Uku Na Riɗi, Ba Wanda Ya Duba Takardar Yarinyar

Wallahi tun jiya da la'asar raina a ɓace yake. Masu turo min saƙo cewa in rufa asiri tunda maganar gida ce, ku yi haƙuri, ba zan yi shiru ba, don gobe gidan wani za a shiga. Buhu uku na riɗi! Wahalar damina guda aka kai kasuwa, aka ƙirga kuɗin aka damƙa wa wani mutum da ya ce yana da hanya a jami'a, zai sa sunan 'yar yayana a jerin masu karatun likita. Yau wata biyu wayarsa a kashe. Abin da ya fi ci min rai kuwa, duk surutun da ake yi a ƙofar gida, babu wanda ya ce a ɗauko takardar sakamakon JAMB ɗinta, jarrabawar shiga jami'a, a duba.

Ni na ce a ɗauko. A cikin leda take, a ƙasan akwatin mahaifiyarta, an ninke ta gida huɗu. Turanci 62, Bayoloji 71, Kemistiri 55, Fiziks 43. Jimla 231 cikin 400. Na ce mata, 'yata, me ya faru da Fiziks? Ta sunkuyar da kai ta ce, Baffa, tun aji biyar ba mu da malami, kuma ranar jarrabawar ce karo na biyu da na taɓa zama gaban kwamfuta, lokaci ya ƙare ban gama ba.

To ga ciwon nan a fili. Ba asiri aka yi mata ba, ba rashin uwa a gindin murhu ba ne. Fiziks ne, da hannun da bai saba da kwamfuta ba. Tambaya 180 a cikin awa biyu, wanda yake lalube yana neman inda zai danna ya riga ya yi asarar maki tun kafin ya karanta tambayar. Kuɗin riɗin nan da ya biya malamin lesin na wata shida, ya biya kuɗin mota zuwa Dutse ta riƙa gwaji a cibiyar kwamfuta, har a samu canji.

Na faɗa wa Yaya haka, ya ce min ai ɗan wane bai kai makinta ba ya samu. Na ce Yaya, ka ga takardarsa da idonka? Shiru. Kullum labarin ɗan wane ne, ba a taɓa nuna takarda. Ko da a ce gaskiya ne, mu ina ruwanmu? Ɗan wane ba zai ɗaga mana 43 ta koma 70 ba.

Ku fahimci yadda abin yake. Karatun likita ba kamar sauran kwasa-kwasai ba ne da za a ƙara benci a aji a ce kowa ya shigo. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamai da kayan aiki da gadajen asibitin koyarwa. Bayero tana da Asibitin Malam Aminu Kano, ta Tarayya da ke Dutse tana da Rasheed Shekoni, kowacce da iyakarta. Masu nema dubbai, kujeru kaɗan. Jami'o'in tarayya kuma suna raba gurabe ne kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye da su, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Mu 'yan Jigawa da Kano wannan rabon yana taimakonmu in mun zaɓi jami'ar kusa, amma a cikin namu kason ma da maki ake jera mutane. 'Yar ƙauyenmu da 'yan makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da Taura take gogayya, yaran da suka shekara uku suna kwana suna tashi da ɗakin gwaje-gwaje. Makinta ba na raini ba ne, a 2025 fiye da mutum miliyan ɗaya ne ba su kai 200 ba. Amma na likita bai isa ba, kuma faɗin hakan ba ƙiyayya ba ce.

Tun 2017 admishan ta manhajar JAMB mai suna CAPS yake bi. Wanda duk ya ce zai ba ka gurbi a bayan fage, sunan bai fito a CAPS ba, iska ya sayar maka. Yarinya da kanta za ta iya duba matsayinta a waya. Sau nawa za a faɗa?

Sai masu cewa ba rabonta ba ne. Na yarda da ƙaddara, ba wanda zai koya min wannan. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Mu kuwa sai mu sayi fom ɗin bana, mu cike shi yadda muka cike na bara, jami'a ɗaya, shiri ɗaya, yarinya ta yi wata tara tana surfe da ɗiban ruwa ba ta buɗe littafi ba, saura sati biyu a ce ta yi karatu. In sakamako ya fito iri ɗaya mu ce Allah bai nufa ba. Manomi ma in gonarsa ta ƙi, yakan tsuguna ya duba: iri ne, taki ne, ko wuta-wuta ce ta ci? Ba ya maimaita kuskuren bara da sunan haƙuri.

Ku duba takardar. Ita ce maganata, kuma zan yi ta maimaitawa har ku gaji. Sakamakon JAMB shekara ɗaya yake aiki, don haka sabon zama ne, a san darasin da ya ja da baya a tare a kansa. A duba WAEC ko NECO, kiredit biyar ɗin nan, Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, sun cika? Wasu jami'o'in a zama ɗaya suke so ga mai neman likitanci, wasu kuma suna ba darajar sakamakon maki wajen tantancewa, C6 ba ɗaya take da B2 ba. In da rauni a sake zama. A tabbatar an ɗora sakamakon a shafin JAMB, yara da yawa a nan suke faɗuwa ba su sani ba, mai shagon intanet ya ce ya ɗora alhali bai ɗora ba. Sunan da ke kan NIN ya dace da na sauran takardu. A yi jarrabawar gwaji. Wanda kuma ya ga JAMB ta ƙi shi sau biyu, akwai IJMB, karatun share fagen shiga jami'a da ABU Zariya ke kula da shi, a shiga aji biyu kai tsaye, sai dai kada a ruɗe ku, can ma kujerun ba su da yawa kuma sai da sakamako mai ƙarfi.

Wata gwaggonmu ta ce shekara tana tafiya, ga manema suna zuwa. Gwaggo, Allah ya ƙara girma, shekarunta 18. Karatun kansa shekara shida ne, ɗaya da za ta gyara tushe ba asara ba ce. Ke da kanki kin kwana a kan benci a babban asibiti kina jiran a samo likita mace ta duba surukarki. Daga ina kike so su fito, in kowacce ta faɗi sau ɗaya muka naɗe mata tabarma?

Da zan fito ta biyo ni zaure ta ce, Baffa, in na samu mai koya min Fiziks zan iya. Na ji ƙwalla ta taru min. Daga Asabar ɗin nan za mu fara, ita da duk yaron garin nan da yake so, bayan sallar la'asar a makarantar firamare, ba ko sisi.

Ku kuma 'yan garinmu da ke Kano da Abuja, tsofaffin kwamfutocinku da ke ajiye a saman durowa, ku aiko da ko guda biyu. Da littattafai. Shekaranjiya na sayi ƙosai a tasha, aka naɗe min shi a shafin littafin Kemistiri, babin da ake lissafin sinadarai, mai ya jiƙa shi sharkaf. Na tambayi mai ƙosan inda ta samo, ta ce a kilo ake sayar mata, kuma akwai sauran rabin buhu a gida. Na ce ta ajiye min, gobe da safe zan je da babur in ɗauko.