Lafiyar jariri a ƙasar Sin: shekarun uwa kaɗai ake ƙirgawa

Duk ƙarshen mako iyaye kan taru a wani lambun shaƙatawa da ke tsakiyar birnin Shanghai, kowa riƙe da takardar bayanan ɗansa ko 'yarsa, suna nema musu abokan aure. Takardar namiji, albashi da gida ake fara dubawa. Ta mace kuwa shekarar haihuwa ce. Wadda ta haura 27 an riga an sa mata suna "ragowa", lakabin da ya bazu tun wajen 2007. Hujjar iyayen ita ce lafiyar jikoki: wai macen da ta jinkirta ba za ta haifi lafiyayyen ɗa ba.

Wannan tunani ya daɗe. Littafin Huangdi Neijing, ginshiƙin likitancin gargajiya na Sinawa fiye da shekara 2,000, ya kasa rayuwar mace bakwai-bakwai: a 14 ta fara al'ada, a 28 ƙarfinta ya cika, a 35 fuska ta soma yamushewa gashi ya soma zuba, a 49 haihuwa ta tsaya. Namiji takwas-takwas aka lissafa masa, har zuwa 64. Ga kuma koyarwar Mencius, wani malamin falsafar Sinawa na zamanin da, cewa a cikin saɓa wa iyaye babu wanda ya kai rashin barin zuriya. Idan waɗannan biyu suka haɗu a gida ɗaya, a kan 'ya mace nauyin yake sauka.

Tsohon uba kuwa yabo yake samu. Ruwayar da aka gada ta ce mahaifin Confucius, babban malamin falsafar Sinawa, dattijo ne ya auri yarinya ƙarama, kuma har yau akwai masu cewa ɗan tsufa ya fi kaifin basira.

Ba na cewa maganar tsofaffin duk shirme ce. Likitancin zamani ya yarda cewa haɗarin haihuwar jariri mai lalurar Down, wadda ke jinkirta girman jiki da na ƙwaƙwalwa, yana ƙaruwa da shekarun uwa: kusan 1 cikin 1,250 a shekara 25, kusan 1 cikin 100 a shekara 40. Hawan jini da ciwon sukari na lokacin ciki su ma sukan yawaita bayan 35. Amma a dubi lissafin da kyau: ko a shekara 40, mafi yawan jarirai ba sa zuwa da wannan lalura. Sannan akwai rabin maganar da ake ɓoyewa. Binciken da aka yi a Iceland, aka wallafa a 2012, ya nuna cewa kowace shekara da uba ya ƙara tana ƙara kimanin sababbin sauye-sauye biyu a ƙwayoyin halittar da yake gadar wa ɗansa, kuma an danganta tsufan uba da ƙarin haɗarin galahanga (autism) da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa. Mu ma a ƙasar Hausa ba mu tsira ba. Idan yaro ya zo da lalura, dangin miji uwar suke kallo, ko da angon ya kusa saba'in.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne rawar gwamnati. A shekarun 1970 ita ce ta yi ta shelar a jinkirta aure, a ba da tazara, a rage haihuwa. Dokar aure ta 1980 ta sa shekara 22 ga namiji, 20 ga mace, aka kuma ɗora dokar ɗa ɗaya har zuwa ƙarshen 2015. Yanzu reshe ya juye da mujiya. An yarda da 'ya'ya biyu a 2016, uku a 2021, duk da haka yawan jama'ar ƙasar ya ragu a 2022, karo na farko cikin kimanin shekara 60. Haihuwa ta faɗo daga kusan miliyan 18 a 2016 zuwa miliyan 9 da 'yan kai a 2023. 'Yan matan da aka rena da huɗubar jinkiri su ake ce wa yau su yi sauri kafin lokaci ya ƙure.

Ƙidayar 2020 ta nuna matsakaicin shekarun auren fari ya haura 28. Ba rashin sanin shekarun haihuwa ne ya jawo haka ba. Gida a Beijing ko Shenzhen ya fi ƙarfin matashi, kuɗin aure a karkara ya yi tashin gwauron zabo, ma'aikatu da dama suna buƙatar aiki daga tara na safe zuwa tara na dare kwana shida a mako, wasu kuma suna gudun ɗaukar matar aure da ba ta haihu ba tukuna, don kada ta tafi hutun jego. Tallafin yuwan (kuɗin ƙasar) 3,600 a shekara da aka sanar a 2025 ga kowane yaro ɗan ƙasa da shekara uku bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Macen da ta nemi mafita da kanta ma an tare mata hanya. A 2018 Xu Zaozao, tana da shekara 30, ta je wani asibiti a Beijing don a adana mata ƙwayayen haihuwarta, aka hana ta saboda ba ta da aure. Ta kai ƙara ta faɗi a 2022, ta ɗaukaka ta sake faɗi a 2024. Namiji marar aure kuwa ƙa'idar ƙasar ta ba shi damar adana maniyyinsa.