Ba kowace mace da ta zo Legas ita kaɗai ce ta zo yawon banza ba

Akwai wata magana da take damuna gaskiya. A Agege da Idi-Araba sau da yawa in an ga mace ta sauko daga Arewa ko Nijar ba miji tare da ita, sai a ce ai yawon banza ta fito. Na san masu faɗin haka tarbiyya suke karewa, kuma mun saba ganin mace a ɗakin miji ko gaban iyayenta.

Amma masu nazarin zamantakewa da suke zama da matan nan suna jin labarinsu, abin da suke tararwa daban ne, mutuwar miji, saki ba ko sisi, rikicin Boko Haram tun 2009, ga 'yan bindiga a Zamfara da Katsina. Akwai wata baiwar Allah da ke sayar da tuwo kusa da kasuwar Mile 12, an kashe mijinta a gona ya bar mata yara huɗu, tun asuba take kan murhu, duk wata sai ta tura wa uwarta kuɗin makarantarsu. A doka ma, sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba duk ɗan Najeriya, mace ko namiji, damar zama inda ya ga dama a ƙasar.