Wai na tsufa da rubuta manhaja

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake. Wani kamfanin yaran nan masu haɗa manhaja a unguwar Barnawa ta Kaduna ne suka kira ni intabiyu, bayan na ci gwajin da suka turo min ta imel, su da kansu suka rubuto cewa aikina ya yi kyau. Na goge kaftanina da dutsen gawayi tunda wuta sai labari, na taso tun daga Kawo da kuɗin motar da kowa ya san yadda ya koma.

Shigata ke da wuya yaron da ke kan kujerar, wanda da ƙyar in ya kai 26, ya ɗago kai daga waya ya tsaya kan furfurar gemuna, ya ce, “Sannu Baba, yaronku kuka rako?” Na ce a'a, ni ne mai intabiyun. Ya ce, “Au, ikon Allah.” Ya jawo takarduna yana bi da yatsa har ya kai shekarar da na gama Kadpoly, 2003, sai ya juya wajen abokinsa yana murmushi, “Kai, lokacin ko firamare ban shiga ba.” Suka yi 'yar dariyarsu. Ni dai ina tsaye, ba wanda ya ce ga kujera.

“Baba kun iya React kuwa?” React ɗin wani kayan aikin rubuta manhaja ne. Na ce ɗana, buɗe gwajin da na turo ka ga da me na rubuta shi. Bai buɗe ba. Ya ce, “Eh to, amma mu nan har kwana muke a ofis, ku kuma ga iyali, ga hawan jini.” Hawan jini! Ashe likita na zo gani ban sani ba. Sannan ya kawo min shawara kyauta, Allah ya saka masa, wai me zai hana in buɗe rumfar POS ko in nemi makarantar kuɗi in riƙa koya wa yara kwamfuta. Ni da na fara da yaren rubuta manhaja na Visual Basic, na bi ta irinsu PHP da Java, na koyi duk wani sabon abu da ya fito da kuɗin data na aljihuna, yau ni ake nuna wa lemar POS. Tambaya ɗaya a kan aikin kansa bai yi min ba, ko ɗaya.

Kuma mu daina yaudarar juna, ba ƙwarewa suke nema ba, araha suke nema. Yaron da za a ba albashin da bai kai buhun shinkafa biyu ba ya ce na gode, wanda ba zai ce kuɗin makarantar 'ya'ya ba, shi ke nan. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai ranar da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da manhajar, ta tsaya da tsakar dare ake tuna lambar wayarmu.

Yaron ma me ya sani, ƙasar ce ta koya masa. Tallar aiki a fili za a rubuta kada ka wuce 27 amma ka zo da gogewar shekara biyar, a ƙasar da ASUU ta yi yajin aikin wata tara a 2020, ta ƙara wata takwas a 2022. Masaƙun Kakuri sun mutu an zuba wa iyayenmu ido, yanzu gwamnati na ta buga gangar 3MTT tun 2023, za a horar da mutum miliyan uku a harkar fasaha, to madalla, su ma in sun kai 40 ina za a zuba su? Masu mulkinmu 'yan 70 ba wanda ya ce musu sun tsufa da riƙe baitulmali. Shi ya sa kotu ba ta rabo da layin masu rantsuwar rage shekaru, mutum da jikoki yana rantsewa an haife shi a 1998, ana buga masa hatimi yana biyan kuɗi.