Ba a Auyo ake yanka farashin shanshera ba

A kakar da ta wuce na tsaya a wani masussuki da ke gefen Auyo a Jihar Jigawa, inda wani dattijo ya jera buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, yana jiran dillali. Da dillalin ya iso, ya cusa hannu cikin buhu, ya murza 'yan ƙwayoyi a tafinsa, sannan ya taya. Kuɗin da ya faɗa da ƙyar zai mayar da na taki da na fetur ɗin injin ban ruwa. Dattijon ya ce, "Haba ɗan nan, ka ji tsoron Allah." Shi kuwa ya ce, "Wallahi Baba ba laifina ba ne, 'yar waje ce ta cika kasuwa."

Gaskiya ya faɗa, ko da yake shi ma ba ya rasa nasa rabon.

A 2015 Babban Bankin Najeriya ya daina ba masu shigo da shinkafa dala. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disambar 2020. Aka ce a koma gona, mutanen kwarin Haɗeja kuwa suka amsa kira. Wasu sun sayar da shanu suka sayi injin ban ruwa, wasu bashi suka ci. Kwatsam a Oktoban 2023 aka janye takunkumin dala, a Yulin 2024 kuma aka sanar da yafe harajin shigo da shinkafa da masara da alkama da wake na kwana 150. Ƙofar shinkafar ma ba kowa aka buɗe wa ba, sai manyan kamfanoni masu injinan casa, waɗanda su ne dai ke sayen shansherar manominmu. Mai saye ɗaya, rumbu biyu gare shi, yaya za a yi ciniki da shi?

Ban ce a bar mutanen birni da yunwa ba. Na san yadda kwanon shinkafa ya gagari magidanta a 2024, kuma manomin ma idan nasa ya ƙare kasuwa yake komawa. Abin da nake ƙi shi ne a canza doka bayan mutum ya riga ya zuba iri.

Dubi Indiya, wadda ke da kusan kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake fitarwa a duniya. Tana ba manominta rangwamen taki, tana sayen amfanin gonarsu a farashin da ta ƙayyade. Da ta ga alamar tsada a gida a Yulin 2023, sai ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba, ba ta nemi izinin kowa ba. Da ta sake buɗewa daga Satumban 2024, farashi ya faɗi a duniya. 'Yar ƙasarmu, Ngozi Okonjo-Iweala, ita ke shugabantar Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya tun 2021, amma kujerarta ba ta tanƙwara ƙasa irin wannan. Mai kaya da yawa shi ke da baki.

Saboda haka idan gwamnati za ta buɗe ƙofa, ta sanar tun kafin faɗuwar damina, ta kuma tsayar da farashin da za ta sayi shanshera idan kasuwa ta karye. Dattijon nan ya sayar da rabin buhunansa a ranar don ya sallami 'yan ƙwadago. Ya ce mini bana rabin fadamarsa kawai zai yi wa noman rani.