Wai "ba a taɓa samun komai a jikinsa ba"

Don Allah masu cika mana kunne da batun ɗan tseren gudu na Kenya Rhonex Kipruto ku sarara mana. Tun da aka yanke masa dakatarwar shekara shida a watan Yunin 2024 kan maguɗin ƙara kuzari da gwajin jininsa ya nuna, aka goge tarihin da ya kafa na gudun kilomita 10 cikin minti 26 da sakan 24, waƙarku ɗaya ce: ai ba a taɓa samun komai a fitsarinsa ba. To madalla. Sannunku da bincike.

Me kuke so a samu? A ɗebi jinin mutum a ajiye a firji, ana saura kwanaki kaɗan a yi tsere a mayar masa da abinsa. Wane baƙon sinadari na'ura za ta gani? Jininsa ne fa! Allurar EPO kuwa, mai ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, in ana yin ta kaɗan-kaɗan da dare, kafin mai gwaji ya ƙwanƙwasa ƙofa da safe alamarta ta kusa ɓacewa. Shekara nawa ɗan tseren keke Lance Armstrong ya yi yana bugun ƙirji da wannan magana taku? A 2012 aka ƙwace kambunansa bakwai na gasar keke ta Tour de France, a 2013 ya zauna gaban mai shirin talabijin Oprah Winfrey ya amsa da bakinsa.

Shi ya sa aka ɓullo da fasfon jini. Hukumar tseren keke ta duniya ce ta fara a 2008, WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2009. Ba sai an ga kura ba, sawunta ya isa. Ana ɗibar jinin ɗan wasa lokaci zuwa lokaci na tsawon shekaru, ana auna himoglobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, da yawan sabbin jajayen ƙwayoyin jini, ana kwatanta shi da kansa, ba da wani ba. In aka yi masa ƙarin jini, himoglobin ya haura, ɓargo ya ga jini ya wadata sai ya rage haifar sabbin ƙwayoyi. In ɗiba aka yi, lamarin ya juye. Wannan hawa da sauka shi ke tona asiri, ko fitsari ya fito fes.

Sai ku ce ai 'yan Kenya a kan tudu suke atisaye, iska ba ta da yawa. Kun ɗauka likitocin ba su taɓa jin sunan Iten ba, garin kan tudu da suke atisayen? Ana tambayar ɗan wasa wannan tun lokacin ɗibar jinin. Kuma ƙwararru uku ne ke duba bayanan ba tare da sanin sunan mai su ba, sai bakinsu ya zo ɗaya, sannan a ba shi dama ya kawo uzurinsa.

Wallahi wanda nake tausayi shi ne wanda ya zo na huɗu da guminsa. Liliya Shobukhova 'yar Rasha ta ci gudun fanfalaki na Chicago sau uku a jere, daga 2009 zuwa 2011, kafin fasfon ya kama ta. Wa zai mayar wa waɗanda suka biyo bayanta ranar tasu?

Ni fa har yau abin da ke cina shi ne jakunkunan jinin da 'yan sanda suka kwaso a Madrid a 2006 daga hannun likita Eufemiano Fuentes. Shi da kansa ya ce ba 'yan keke kaɗai yake yi wa aiki ba, har da 'yan ƙwallo. Ina sunayensu?